Faya-fayan Belfast: amanar da Kwalejin Boston ta karɓa ta kasa riƙewa

Tsakanin 2001 da 2006 wata jami'a a Amurka ta naɗi hirarraki da mutum sama da 40 waɗanda suka taka rawa a rikicin Ireland ta Arewa, akasarinsu tsofaffin masu ɗauke da makami. An yi musu alkawari cewa babu mai jin abin da suka faɗa sai bayan ransu, ko kuma da izininsu a rubuce. Wannan alkawarin ne ya sa suka saki baki. Shekara 5 da kammala aikin, sammacin kotu ya iso jami'ar, kuma kafin ƙura ta lafa wasu daga cikin faya-fayan sun shiga hannun 'yan sanda, mutanen da masu hirar suka fi gudun maganarsu ta kai kunnensu. Duk mai aikin adana bayanan 'yan gwagwarmaya ko na al'umma ya kamata ya san yadda wannan lamari ya gudana, domin babu wanda ya shiga cikinsa da niyyar cin amana, amma amanar ta ciwu.

Rikicin ya ɗauki kusan shekara 30, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa yarjejeniyar zaman lafiya da aka sa wa hannu a Belfast, babban birnin Ireland ta Arewa, ranar 10 ga Afrilu, 1998. Mutum sama da 3,500 suka rasa rayukansu. A ɓangare guda akwai masu son yankin ya haɗe da Jamhuriyar Ireland, yawancinsu mabiya Katolika, da ƙungiyar IRA mai ɗauke da makamai. A ɗaya ɓangaren akwai masu son a ci gaba da zama cikin Birtaniya, yawancinsu Furotesta, da nasu ƙungiyoyin irin su UVF. Ga kuma sojojin Birtaniya da 'yan sanda. Yarjejeniyar ta sa an saki fursunoni kafin wa'adinsu ya cika, amma ba ta yi afuwa kan laifukan da ba a kai ga hukuntawa ba. Wanda ya yi kisa a 1972 ba a kama shi ba, kotu tana nan tana jiran sa. A kan wannan gaɓar duk abin da ya biyo baya ya rataya.

Yadda aka tsara aikin

Kwalejin Boston jami'ar Katolika ce a jihar Massachusetts, mai tsohuwar alaƙa da Amurkawa 'yan asalin Ireland, kuma ɗakin karatunta na Burns ya yi suna wajen tara littattafai da takardun tarihin Ireland. Paul Bew, malami a Jami'ar Queen's ta Belfast, shi ya kawo shawarar a naɗi muryoyin mayaƙan tun suna raye. Aka ɗauki ɗan jarida Ed Moloney, wanda ya daɗe yana kawo rahoton rikicin, ya jagoranci aikin. Daga ɓangaren jami'a akwai shugaban ɗakin karatun, Robert O'Neill, da Thomas Hachey na cibiyar nazarin Ireland.

Masu yin hirar 'yan gida ne, kuma hakan yana da dalili. Tsohon ɗan IRA ba zai zauna gaban baƙo ya faɗa masa wanda ya ba da umarni da wanda ya tuƙa mota ba. Saboda haka aka ɗauki Anthony McIntyre, tsohon ɗan IRA da ya yi kusan shekara 18 a gidan yari, ya fito ya yi digirin digirgir, shi ya yi hira da mutanen ɓangarensa. Wilson McArthur kuma ya ɗauki ɓangaren masu biyayya ga Birtaniya. Ana naɗar murya, a rubuce ta, a aika Boston. Ba a sa suna a kan fayil, sai harafi. An yi komai a asirce, har malaman sashen tarihi na jami'ar suka fito daga baya suka ce aikin ba na sashensu ba ne.

Manufar ba abin zargi ba ce. Tarihin irin wannan rikici, idan aka bar shi ga takardun gwamnati da jawaban shugabannin siyasa, rabinsa ne kawai zai kai ga jikoki. Wanda ya ɗauki bindiga yana da nasa labarin: me ya shigar da shi, me ya gani, me yake nadama, wa yake ganin ya yaudare shi. Mutanen kuwa sun fara tsufa.

Takardu biyu

Matsalar tana cikin takardu biyu da ba su faɗi abu ɗaya ba. Ta farko ita ce kwantiragin da ke tsakanin jami'ar da Moloney. A cikinta an ce za a kare sirrin hirarrakin gwargwadon abin da dokar Amurka ta yarda. Ta biyu ita ce wadda mai ba da hira yake sa wa hannu idan zai miƙa muryarsa. Wannan ta ce ba za a buɗe ba sai bayan mutuwarsa ko da izininsa, kuma ikon saki yana hannunsa. Sharaɗin nan na gwargwadon abin da doka ta yarda babu shi a cikinta.

To mutumin da ke zaune a ɗakinsa a Belfast, na'ura a gabansa, wace takarda ya gani? Ta biyun. Ta farko ba ta taɓa zuwa gabansa ba. Ya ɗauka ƙofa a kulle take, alhali jami'ar ta karɓi ajiya ne a ɗakin da makullinsa ke aljihun wani.

Kuma ba a ce ba a hango haɗarin ba. Tun a shekarar 2000, kafin a fara naɗar komai, O'Neill ya rubuta wa Moloney cewa ba zai iya ba da tabbacin ɗakin karatun zai iya ƙin bin umarnin kotu ba. Shi ma Moloney ba baƙon irin wannan ba ne: a 1999 'yan sanda sun nemi kotu ta tilasta masa miƙa bayanan hirar da ya yi da wani mutum game da kisan lauya Pat Finucane, ya ƙi, ya kuma yi nasara a babbar kotun Belfast. Da abin ya ɓaci, kowa ya nuna ɗan'uwansa da yatsa. Moloney da McIntyre suka ce jami'ar ta ba su tabbacin cewa ajiyar ta fi ƙarfin kotu. Jami'ar ta ce Moloney ya san iyakar alkawarin tun farko. O'Neill ya amsa daga baya cewa barin wannan sharaɗi daga takardar masu ba da hira kuskurensa ne.

A ganina nauyi mafi girma yana wuyan jami'ar. Ita ce mai ajiya, sunanta ne a saman takardar, ita ce ke da lauyoyi a ofis. Tambayar da za ta warware komai gajeriya ce: idan kotu ta nemi faya-fayan nan, za mu iya hanawa? Lauyan da ya san aikinsa zai ce a'a, domin tun 1972 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Branzburg, ta yanke cewa ko ɗan jarida ba shi da hurumin ɓoye majiyarsa idan ana binciken laifi a gaban kotu. Idan ɗan jarida bai tsira ba, ina ga ɗakin karatu? Amma wannan bai wanke Moloney da McIntyre ba. Su ne suka kalli mutane ido da ido suka ce su saki jiki.

Yadda asiri ya fito

David Ervine, tsohon ɗan UVF da ya koma siyasa, ya rasu a Janairun 2007. Brendan Hughes, wanda ya taɓa zama kwamandan IRA a Belfast kuma ya jagoranci yajin cin abinci na fursunoni a 1980, ya rasu a Fabrairun 2008. Bisa sharaɗi, hirarrakinsu sun halatta a buɗe. A 2010 Moloney ya fitar da littafi a kansu, Hachey da O'Neill suka rubuta masa gabatarwa. Da haka duniya ta san akwai taskar a Boston, ta kuma san irin abin da ke cikinta.

Abin da ya fi tayar da hankali a maganar Hughes shi ne batun Jean McConville. Bazawara ce mai 'ya'ya 10, mijinta ya rasu a farkon 1972. A watan Disamba na wannan shekarar 'yan IRA suka shiga gidanta a rukunin gidajen Divis, suka tafi da ita a gaban 'ya'yanta, ba a sake ganin ta ba. Yaran suka warwatsu gidajen marayu. Sai a 1999 IRA ta amsa cewa ita ta kashe ta, bisa zargin tana kai wa sojoji rahoto, zargin da binciken ofishin sauraron ƙorafi kan 'yan sanda ya ce a 2006 bai sami hujjarsa ba. An tsinci gawarta a 2003 a bakin teku a gundumar Louth, cikin Jamhuriyar Ireland. Hughes ya ce Gerry Adams, wanda a lokacin fitowar littafin yake shugabancin Sinn Féin, jam'iyyar da ake dangantawa da IRA, shi ya ba da umarnin. Adams ya musanta, kuma ya daɗe yana cewa bai taɓa zama ɗan IRA ba.

A wannan shekarar ta 2010 Dolours Price, wadda aka ɗaure kan tayar da bam a Landan a 1973, ta yi magana da 'yan jarida kan mutanen da IRA ta ɓatar, aka kuma buga cewa ta ba da hira ga aikin Boston. Ita kuwa tana raye.

A nan akwai abin da masu tsara aikin ba su auna ba. Sun ɗauka mutuwar mai magana ta isa ta kare kowa. Amma mutum ba ya ba da labarin yaƙi shi kaɗai a ciki. Hughes ya mutu, waɗanda ya ambata suna raye, 'ya'yan McConville suna raye, fayil ɗin kisan kuma a buɗe yake. Buɗe hirar mutum ɗaya nuna hanya ce zuwa ga sauran.

A gaban kotu

A watan Mayun 2011 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta kai wa jami'ar sammaci a madadin rundunar 'yan sandan Ireland ta Arewa, wato PSNI. Hanyar da aka bi ita ce yarjejeniyar taimakon juna kan binciken laifuka da ke tsakanin Amurka da Birtaniya. Nisan teku, wanda aka ɗauka kariya ce, bai hana komai ba. An nemi hirarrakin Hughes da na Price. Jami'ar ta miƙa na Hughes tunda ya rasu, ta nemi kotu ta soke neman na Price. A watan Agusta sammaci na biyu ya zo, ya fi na farko faɗi: duk wata hira da ta taɓo batun McConville.

Alƙalin kotun tarayya a Boston, William Young, ya ƙi soke sammacin a Disamban 2011. Ya amince cewa binciken ilimi yana da ƙima da ya kamata a duba, amma ya ce binciken kisan kai ya rinjaye shi. Ya karɓi hirarrakin ya duba da kansa, ya ba da umarnin a miƙa na Price, sannan a Janairun 2012 ya ƙara da hirarraki 85 na wasu mutum 7. Jami'ar ba ta ɗaukaka ƙara kan na Price ba, ta ɗaukaka kan sauran. Moloney da McIntyre suka bi tasu hanyar, suna cewa sakin faya-fayan zai jefa rayuka cikin haɗari, domin a tsarin IRA hukuncin mai tona asiri kisa ne. John Kerry, yana sanata a lokacin, ya rubuta wa sakatariyar harkokin waje Hillary Clinton yana gargaɗin cewa abin zai iya taɓa zaman lafiyar da aka sha wuya kafin a samu. Kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da ƙarar mutanen biyu a Yulin 2012, ta dogara da hukuncin 1972 ɗin nan. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron su a Afrilun 2013. Price ta riga ta rasu a Janairun wannan shekarar.

Jami'ar ta sami ɗan sauƙi a ƙarshen Mayun 2013, da kotun ɗaukaka ƙara ta rage hirarraki 85 zuwa 11, ta ce su kaɗai suka shafi abin da aka nema. Wannan hukunci yana da muhimmanci ga masu adana tarihi, don ya nuna kotu za ta iya tacewa, ba dole ta miƙa duk abin da gwamnati ta nema ba. Amma ga mutanen da muryoyinsu ke cikin 11 ɗin, ragin bai amfane su da komai ba.

Abin da aka girba

A Maris na 2014 aka tuhumi Ivor Bell, tsohon jigo a IRA, kan batun McConville, bisa wata hira da aka ce shi ne mai magana a cikinta ƙarƙashin harafin Z. Ranar 30 ga Afrilu aka kama Gerry Adams, aka tsare shi kwana 4 ana yi masa tambayoyi, aka sake shi ba tare da tuhuma ba. A 2015 masu gabatar da ƙara suka ce babu isasshiyar hujjar gurfanar da shi. A bangayen Belfast kuwa aka wayi gari da rubuce-rubuce masu kiran waɗanda suka ba da hira maciya amana.

Shari'ar Bell ta ja har 2019. Ya tsufa, ciwon mantuwa ya kama shi, aka ce ba zai iya kare kansa ba, sai aka yi zaman tantance ko ya aikata abin da ake zargi. Alƙali O'Hara ya saurari faya-fayan ya ce ba za a dogara da su ba: mai tambayar yana da ra'ayinsa a kan Adams da shirin zaman lafiya, yana kuma jan mai amsa zuwa inda yake so. Aka wanke Bell a watan Oktoba.

Wannan hukuncin ya taɓa aikin ta fuska biyu. Ya nuna cewa hirar tarihin baka ba shaidar kotu ba ce: babu rantsuwa, babu lauyan da zai yi wa mai magana tambayoyin ƙwaƙƙwafi, mutum yana tuno abin da ya faru shekara 30 baya, da fushinsa da son ransa a ciki. Masanin tarihi ya san yadda zai auna irin wannan magana, ya gwada ta da wasu majiyoyi. Kotu kuwa tabbas take nema. Amma hukuncin ya kuma ƙarfafa ƙorafin da Sinn Féin ta daɗe tana yi, cewa yawancin waɗanda aka zaɓa daga ɓangaren IRA masu adawa da Adams ne. Da akwai kwamitin masana da ke sa ido, da wani ya tambayi yadda ake zaɓen mutane da yadda ake jefa tambaya. Sirrin da aka rufe aikin da shi don kare masu magana, shi ne ya hana a sami mai gyara.

Ba zan iya kallon 'ya'yan McConville in ce da su tarihi ya fi haƙƙinsu ba. Sun yi shekara 30 ba su san inda uwarsu take kwance ba. Idan akwai ɗaki a wata ƙasa da ke ɗauke da muryoyin waɗanda suka san abin da ya faru, neman a buɗe shi ba zalunci ba ne. Abin baƙin cikin shi ne an buɗe, kuma har yanzu ba a sami kowa da laifin kisanta ba. Masu ba da hira sun rasa kariyarsu, iyalin ba su sami hukunci ba, masu bincike sun rasa taskar.

Da wata hanya?

Akwai, kuma misalanta biyu suna cikin Ireland ɗin kanta. Gwamnatin Ireland ta kafa ofishin tarihin soja a 1947, ya yi shekara 10 yana karɓar bayanan waɗanda suka yi gwagwarmayar 'yanci tsakanin 1913 da 1921. Ya tara bayanai 1,773, aka kulle su gaba ɗaya, ba a buɗe ba sai 2003, bayan masu bayanin sun ƙare. Bambancin a bayyane yake. Gwamnati ce mai ajiyar, babu mai shirin gurfanar da kowa kan waɗannan al'amura, kuma ba a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ba.

Misali na biyu ya fi kusa. A 1999 gwamnatocin Birtaniya da Ireland suka kafa hukumar gano gawarwakin mutanen da aka ɓatar, aka yi doka a ƙasashen biyu cewa bayanin da aka ba hukumar ba zai zama shaida a shari'ar laifi ba. Da wannan kariya aka sami masu nuna wurare, aka tono gawarwaki da dama aka miƙa wa iyalansu. Majalisa ce ta ba da kariyar. Ɗakin karatu ba shi da wannan iko, komai kyan niyyarsa.

Tunda aikin Boston bai da irin wannan doka a bayansa, abin da ya rage masa shi ne gaskiya da taka-tsantsan. A faɗa wa mai magana ƙarara, a takardar da zai sa wa hannu, cewa kotu tana iya karɓe faifan. A ce masa kada ya ambaci sunan mai rai a kan laifin da ba a rufe ba. A kulle taskar baki ɗaya zuwa shekarar da aka ƙayyade, ba zuwa mutuwar kowane mutum ba. Za a ce da an yi haka da yawa ba za su yi magana ba, waɗanda suka yi kuma za su tauna kafin su furta. Haka ne, taskar za ta ragu. Amma mutum ne zai zaɓi haɗarin da zai ɗauka da idonsa a buɗe, kuma wannan zaɓin nasa ne, ba na mai bincike ba.

A watan Mayun 2014 jami'ar ta sanar cewa duk wanda ya ba da hira yana iya karɓar kayansa, wasu kuma suka karɓa. A Disamban wannan shekarar yarjejeniyar Stormont House, wadda gwamnatocin Birtaniya da Ireland suka cimma da jam'iyyun Ireland ta Arewa, ta tanadi kafa taskar tarihin baka ta rikicin gaba ɗaya, wadda kowane ɓangare zai kawo labarinsa, kuma tambayar da ta riƙa bin shawarar ita ce wa zai yarda ya yi magana bayan abin da ya faru a Boston. 'Yan sanda ma ba su tsaya a kan McConville ba. Sun nemi hirar da McIntyre ya bayar game da kansa. A 2015 suka karɓi faya-fayan Winston Rea daga ɓangaren masu biyayya ga Birtaniya, aka tuhume shi da laifuka da dama, ya musanta, ya kuma rasu a Disamban 2023 ba a kammala shari'arsa ba.